SAƘAR KWAMFUTA TA CIKIN GARI: ABIN DA YA KAMATA KOWANE ƊAN ƘASA YA SANI

Kwamfuta ɗaya tilo, komai ƙarfinta, aikinta ba ya wuce ɗakin da aka ajiye ta. Sai an haɗa ta da 'yan'uwanta sa'an nan take iya aika saƙo ta karɓi amsa. Wannan haɗi shi ake kira saƙar kwamfuta, kuma iri uku ne. Akwai ta cikin gida, wadda ba ta wuce ofis ɗaya ko makaranta ɗaya. Akwai mai dogon zango, wadda ke ƙetare jihohi har da teku. Tsakaninsu kuwa akwai saƙar gari, mai haɗa unguwanni da ofisoshi da kasuwanni, galibi a faɗin kilomita 5 zuwa 50.

Yadda Take Aiki

A ɗauki misalin Potiskum ta Jihar Yobe, garin da kasuwar shanunsa ta yi suna a Afirka ta Yamma. Idan falke a unguwar Dogo Nini ya biya kuɗin bijimi ta wayar hannu, wadda ita ma ƙaramar kwamfuta ce, saƙonsa zai fara tashi ta iska zuwa dogon ƙarfen nan da jama'a ke kira ƙarfen sabis. Daga nan sai ya bi saƙar gari zuwa matattarar kamfanin waya, sa'an nan ya hau babban layi zuwa kwamfutar banki. Amsa kuma ta biyo sawu, duka cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Abin da ya fi ɗaukar irin wannan saƙo a yau shi ne zaren gilashi. Kaurinsa kamar na gashin kai ne, kuma haske ne ke gudu a cikinsa, wajen kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Akan sa shi cikin bututun roba a binne a gefen titi. Injiniyoyi kan so su shimfiɗa shi kamar zobe ya kewaye gari, domin in ya tsinke ta gabas, saƙo ya zagaya ta yamma. Inda babu wannan zobe, yanka ɗaya ya isa ya jefa unguwanni cikin shiru.

Dalilin Da Ya Sa Ake Bukatarta

An kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya a 1992, wayar hannu ta GSM kuma ta fara aiki a 2001. Zuwa 2010 manyan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 sun riga sun iso Legas. To, amma kogi ba ya shayar da gona sai an ja masa magudana. Saƙar gari ita ce magudanar. In babu ita, asibiti da banki da makaranta, irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Potiskum, ba za su ci cikakkiyar moriyar abin da ya iso bakin teku ba.

Mutanen Yobe sun san zafin katsewar sadarwa. A watan Mayu na 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, an rufe layukan waya a jihar har na tsawon makonni, ciniki da zumunci suka shiga ƙunci. Haka kuma a watan Maris na 2024, da wayoyin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da dama sun tsaya cik a Nijeriya.

Abin Da Ake Roƙon Jama'a

Yawancin ɓarnar da ake yi wa zaren gilashi daga aikin hanya ne, da haƙar lambatu ko tushen gini, da kuma masu neman jan ƙarfe su sayar. Ya kamata kowa ya sani cewa babu tagulla ko kaɗan a cikin zaren. Wanda ya yanke shi bai sami abin sayarwa ba, sai dai ya hana maƙwabcinsa kiran likita da tsakar dare. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, mai lalata su kuma zai fuskanci shari'a. Saboda haka:

1. Duk mai shirin haƙa a gefen titi ya fara tuntuɓar ƙaramar hukuma da kamfanin waya.
2. Kada a tumɓuke turakun da aka kafa don nuna inda waya ta bi, kada kuma a ƙona shara a bakin raminta.
3. Wanda ya ga waya a waje, ko ya ga ana tono da dare, ya sanar da mai unguwa ko 'yan sanda.

Ana roƙon iyayen ƙasa da limamai da malaman makaranta su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su iya karatu ba. Rigakafi ya fi magani.