Wata shida ya cika, me za a ba yaro? Zancen koko, kifi da ƙwai a ƙasar Hadejia

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya.

Na san wani zai ce, ina ruwan tuzuru da abincin jarirai? Haka mahaifiyata ta ce min, kusan kalma da kalma. To bari in faɗi abin da ya jawo ni.

Lokacin ambaliyar 2022, sanda matasan Hadejia muke kwana a bakin jinga muna jera buhunan yashi, yayata ta baro ƙauyensu ta dawo gidanmu da ɗanta ɗan wata tara. Yaron ba ya kuka sosai, ba ya rigima, kowa na yabonsa da haƙuri. Abincinsa nono ne da koko, kokon nan tsararo wanda in ka ɗaga cokali sai ya zube kamar ruwa. Da aka kai shi asibiti saboda gudawa, ma'aikaciyar lafiya ta naɗa masa tef ɗin awon damtse, ya tsaya a kan rawaya. Ja shi ne ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani. Rawaya kuwa daga 11.5 zuwa 12.5, an kusa bakin rami kenan. Na ce, "Yaya, ba ya cin abinci ne?" Ta ce, "Wallahi yana sha, kullum cikinsa a cike." Gaskiya ta faɗa. Cikin a cike yake, amma da ruwa.

Nan ne matsalar take. Cikin jariri ɗan wata shida zuwa takwas bai wuce ɗaukar kofi ɗaya ƙarami ba a zama guda. In ka cika wannan ɗan wurin da kamun da aka tace, aka zubar da dusa, aka tsinka da ruwa, to yaro ya ƙoshi amma jikinsa bai samu abin gini ba. Har ma zai rage tsotson nono, wanda ya fi kokon amfani nesa ba kusa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun tsaya a kan nono zalla na wata shida, ko ruwa ba a ba yaro. Na san zafin Afrilu a garin nan, na san yadda kaka take ji in ta ga leɓen jika ya bushe. Amma mafi yawan nonon uwa ruwa ne, kuma tsaftatacce. Yaro in ya ji ƙishi, a ƙara sa shi a mama. Daga wata shida ne lissafi yake canzawa. Jiki ya girma, buƙata ta ƙaru, sinadarin ƙarfe mai gina jini da aka haife shi da ajiyarsa ya fara ƙarewa, nono kuma ba shi da shi da yawa. Sai a kawo abinci ya taya nono. A lura fa, tayawa na ce, ba yaye ba. Tsakanin wata 6 zuwa 12 nono yana iya ɗaukar rabin buƙatar yaro ko fiye, a shekara ta biyu kuma kusan kashi ɗaya cikin uku. Shekara biyun da likitoci ke faɗa, mun riga mun san ta a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara.

Abin da ke min ciwo shi ne inda muke zaune. Kifin kasuwar Hadejia ana loda shi a mota har kudancin ƙasar nan. Shinkafa da alkama a Auyo, riɗi, wake, gyaɗa, kabewa, zogale a bayan gida. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 64 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Jigawa sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a Najeriya gaba ɗaya 37 ne. Tsumburewa kuma ba gajarta kaɗai ba ce, tana tafiya da ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan ɓarnar kafin shekara biyu take faruwa. Talauci na ciki, ba na musu. Amma akwai gidan masunci da ake ƙyafe tarwaɗa buhu-buhu, jaririn gidan bai taɓa ɗanɗana ta ba, wai ƙaya.

To ƙaya tana da magani. A samu busasshen kifi mai kyau, wanda ba a zuba wa maganin ƙwari ba, a cire manyan ƙayoyi, a ƙara gasa shi, a daka lukui, a tankaɗe da rariya mai laushi. Cokali ɗaya na wannan gari a cikin kunun yaro ya canza kunun gaba ɗaya. Shi kansa kunun a dama shi da kauri, yadda in an karkata cokali zai tsaya ya ɗan yi nawa kafin ya zubo. A sa ɗan man gyaɗa ko manja, ko tunkuza. Akwai haɗin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa, wanda ake kira Tom Brown: awo shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama a niƙa tare. Ba sai da mudu ba, gwangwanin madara ma awo ne. Gyaɗar dai a tsince ta da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane a zubar, domin tana ɗauke da guba mai taɓa hanta.

Yawan abincin kuma a hankali ake hawa. Farko cokali biyu ko uku, sau biyu a rana. Kafin wata takwas a kai sau uku, wajen rabin kofi. Daga wata tara sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar ayaba ko gwanda ko dafaffen dankali. In ya shekara, ya shiga tukunyar gida, amma a zuba masa a kwanonsa shi kaɗai. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san ɗan wata goma sha huɗu ba zai iya kokawar kwano da yayyensa ba. Kuma tuwo da romon miya kawai ba su wadatar. A murmushe masa wake, kabewa, ganye, hanta in an samu.

Sai ƙwai. Wai in yaro ya ci ƙwai zai yi sata. Ni dai na yi karatu da ɓarayin biro da yawa, ban ga alamar ƙwai ne ya lalata su ba. Kazar gidan tana yin ƙwai, a tara a kai kasuwa, a sayo biskit da lemon leda a miƙa wa yaro. Wannan cinikin faɗuwa ne. Ƙwai ɗaya dafaffe sosai, a murje shi cikin fate, yana cikin abinci mafi arha da ke gina yaro. Abin da ya kamata a hana shi ne zuma kafin shekara ɗaya, saboda wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba tukuna. Haka shayi, yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe. Gyaɗa guda-guda kuma tana shaƙe yaro, sai an niƙa.

Akwai abin da muka taso muna gani har ya zame mana daidai: ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a tara koko a tafin hannu, a toshe masa hanci har ya haɗiye. Iyayenmu da ƙauna suke yi, amma kokon yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, ya zama ciwon nimoniya, wani lokacin ma a rasa yaron nan take. A zaunar da shi, a ba shi da cokali, ana yi masa wasa. In ya kau da kai a dakata. Sabon abinci yakan ɗauki gwaji da yawa kafin yaro ya karɓa, ƙin rana ɗaya ba ƙi ba ne.

Ga waɗanda ke ba da madarar gwangwani, ko don uwa ta rasu ko don wata lalura, ba abin kunya ba ne, kuma su ma daga wata shida za su fara abinci. Haɗarin biyu ne. Na farko tsinka madara don gwangwani ya daɗe, wanda yunwa ce a ɓoye. A bi awon da aka rubuta a jiki. Na biyu ruwa. A wurin da ambaliya ke haɗa rijiya da masai, dole a tafasa ruwa, a dama da shi tun da sauran zafinsa, sannan a huce. Abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. Kofi ya fi bulumboti, don ya fi sauƙin wankewa. Madarar shayi ta leda da mai zaƙin nan mai kauri kuwa ba abincin jariri ba ne. Nonon shanu in za a ba wanda ya wuce wata shida, a tafasa shi tukuna.

Gudawar da muke ɗora wa haƙori, sau da yawa daga hannu da kwano da kunun da ya wuni a buɗe take. Lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe da fara cin abinci, shi ya sa muke haɗa su. In ta zo, ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zink, a ci gaba da nono da abinci, kada a ce a huta wa ciki.

Yanzu maza, ku matso. Tsakanin 2013 da 2019 ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger sun gudanar da wani shiri a Jigawa da Zamfara, Kirikasamma na cikin ƙananan hukumomin da aka yi shi. Ana ba mace naira 3,500 duk wata, daga baya 4,000, tun tana da ciki har yaro ya shekara biyu, haɗe da wayar da kai kan ciyarwa. Masu bincike da suka bi sawun shirin sun samu raguwar tsumburewa a yaran. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma sun shiga hannun mai dama kunun, tare da sanin abin da za ta saya. Mu kuma muna tsayawa wajen mai shayi mu ci indomi da ƙwai biyu, mu koma gida da ledar kamu.

Ɗan yayata yanzu yana guje-guje, sai an ɗaure kaji in ya shigo. Mahaifiyata ce da kanta take daka garin kifin, ko da yake har gobe ba ta yarda cewa daga bakina ta fara ji ba. Duk mai yaro tsakanin wata shida da shekara biyar, in an je rigakafi ko awo a roƙi ma'aikaci ya auna damtsen, minti ɗaya ne. In ƙafafu biyu sun kumbura, ko yaro ya daina karɓar abinci da nono, ranar za a tafi asibiti, kada a jira ranar awo.