Gyaran Mariƙin Injin Huda Domin Hannun Dattijo

A rumfunan maƙera da kafintoci akwai dattawa da yawa waɗanda idonsu bai dushe ba, saninsu kuma bai ragu ba, amma sun bar injin huda na tsaye a hannun yaransu domin yatsunsu sun daina jure masa. Wannan hasara ce ga mai sana'a da mai sayen aikinsa, alhali kuwa gyaran abin bai kai kuɗin tsinken huda guda ba.

Asalin lalurar shi ne ciwon gaɓoɓi, watau lalacewar guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi, kuma yana yawan kama gindin babban yatsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi, kashi 73 cikin 100 nasu kuwa sun haura shekara 55. Mai wannan ciwo yana iya damƙe abu mai kauri da tafin hannu duka, amma tsinkar abu siriri da kan yatsu azaba ce gare shi. To, galibin mariƙan injin huda sirara ne.

Na farko shi ne mabuɗin da ake ɗaure tsinke da shi a bakin injin. Irin wannan baki mai haƙora wani Ba'amurke ne, Arthur Jacobs, ya yi rajistarsa a shekarar 1902, kuma har yau ana aiki da shi. Sandar mabuɗin gajera ce, tana nutsewa cikin yatsa. Sai a sami guntun itace mai ƙwari kamar maɗaci, a huda shi, a cusa sandar a ciki ta zauna daram, kaurinsa ya kai misalin inci ɗaya da rabi. In an ninka tsawon sanda, ƙarfin da ake bukata ya ragu da rabi. Amma kada a wuce haddi, gama sanda mai tsawo ƙwarai takan karya haƙoran mabuɗin. Abin da ya fi shi ne a ɗaure a hankali a ramukan nan uku ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke da hali kuma ya sayi bakin da ake ɗaurewa da hannu ba mabuɗi, sai dai ya gwada tukuna, domin shi ma yana neman murɗawa da wuyan hannu.

Na biyu su ne hannuwa uku da ake jawowa tsinke ya sauka. Ƙwallon da ke kan kowane ɗaya yana kwancewa in an murɗa. A maye shi da dunƙulen itace mai girman ƙwan kaza, a goge shi sumul, sa'an nan a zura wa sandar guntun tiyo ko a naɗe ta da robar cikin taya. Haka za a yi wa mariƙin da ke kulle teburin injin.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, kada dattijo ya riƙe aikin da hannunsa. Sa'ad da tsinke ya kusa fita ta ƙasan ƙarfe yakan cije, ya fizge ƙarfen ya juya da shi kamar wuƙa, hannun da ya raunana kuwa ba zai tare shi ba. Sai a cije aikin a mamatsi, a ɗaure mamatsin a tebur da noti. Kuma tsinke dakusasshe shi ke cin ƙarfin mutum. A wasa shi, a ɗiga mai, a fara da ƙaramin rami kafin babba, a rage gudun injin in tsinken mai kauri ne.

Akwai kashedi guda wanda ba a sassauta shi. Laushin nan a jikin mariƙi ake sa shi, kada a sa safar hannu, domin abin da ke juyawa in ya kama zare sai ya ja yatsu tare da shi. Haka hannun babbar riga da jelar rawani. A kashe wuta kafin a canja tsinke, a cire mabuɗi kafin a kunna, a liƙa masa maganaɗisu a jikin injin daidai tsayin ƙirji don kada a riƙa sunkuyawa nemansa.

Ku kuma fatake masu sayar da kayan aiki, akwai riba a nan. A shekarar 1990 wani ɗan kasuwa a Amurka, Sam Farber, ya fito da kayan girki masu mariƙin roba mai kauri da sunan OXO, bayan ya ga matarsa tana wahala da abin feraye saboda ciwon gaɓoɓi, kuma masu lafiya ma suka yi rububinsu. Maƙeranmu sun daɗe da sanin cewa ƙota ake sassaƙawa ta dace da hannun manomi. In kun ajiye mariƙai masu kauri da mamatsai a gefen injunan da kuke sayarwa, kun taimaki dattijo ya zauna a bakin aikinsa, yaransa kuma su ci gaba da koyo a gabansa. Wanda kuwa gaɓarsa ta kumbura ko ta yi zafi, ya je asibiti a duba shi kafin ya koma aiki.