Sabon mai walda, kula da kuran

Ƴan'uwa manoma, kafin ruwan shuka ya sauka kowa yana kai amalanke, garmar shanu ko injin ban-ruwa wurin gyara. Samari da yawa sun shiga koyon walda, wadda muke ce ma sudur, kuma aiki ne mai kawo abinci. Amma a rumfuna da yawa abin da ake fara nuna ma yaro shi ne yadda zai kare idonsa. Zancen kuran sai a bar shi baya, alhali shi ne mai kisa nan take.

Ana auna ƙarfin turin kuran da bolt, yawan wanda ke gudana kuma da amper. Wutar NIGELEC da ta gurub suna shiga injin walda da bolt 220. Injin ya rage ta. Lokacin da baget ke cin ƙarfe, bolt 20 zuwa 30 ne kawai. To, ga abin da sabon shiga bai sani ba: da zaran an ɗaga baget, inji yana kunne, ƙarfin sai ya hau, ya kai bolt 50 zuwa 80. Wato lokacin da yaro ke ganin ya huta, yana canza baget da hannu, lokacin ne wuta ta fi ƙarfi a bakin pens.

Wani zai ce bolt 80 me zai yi ma ƙato? Ya danganta da fata. Busasshiyar fata tana tare kuran sosai, jiƙaƙƙiya kuwa hanya take ba shi. Ku raba amper ɗaya kashi 1000. Kashi 10 zuwa 15 ya isa ya ƙanƙame hannu, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga kashi 50 zuciya tana iya rikicewa ta daina aiki. Jikin da ya yi sharkaf da gumi, in ya gamu da bolt 80, kusan kashi 80 ke ratsa shi. A zafin Afrilu da Mayu, wa ke walda ba gumi? Da damina kuma ƙasar rumfar kanta jiƙe take.

Saboda haka kada a taɓa baget sai da busasshiyar safar hannu ta fata. A sa takalmi rufaffe mai ƙasan roba, a tsaya bisa busasshen katako. Kada a zauna bisa amalanken da ake ma walda, don shi ma yana cikin hanyar wutar. A maƙala mas kusa da wurin aiki, jikin ƙarfen da aka kankare ma tsatsa. Kada a saƙale pens a hammata, kada a rataya waya a kafaɗa, kada a tsoma pens cikin ruwa wai don ya huce. Cikin rijiya ko tanki, sabon shiga ba shi da aiki.

Wayar da ta kwaile, aka naɗe ta da leda ko tsumma, a ganina ita ce babbar cutar rumfunanmu. A sake ta, ko da tsada. Wayar bolt 220 in ta taɓa jikin inji, ƙarfen duka ya ɗauki wuta, shi ya sa ake haɗa inji da wayar ƙasa, ba a kuma buɗe shi sai an zare shi daga priz.

In kuran ya kama mutum, kada ku jawo shi da hannu, ku ma zai riƙe ku. Ku kashe dijantar ko gurub. In sun yi nisa, ku raba shi da wayar da busasshiyar sanda. In ba ya numfashi, ku kwantar da shi rigingine, ku riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 cikin minti ɗaya, wani kuma ya nemo taimako. A birni lambar ƴan kwana-kwana 18 ce. Ko ya tashi ya ce lafiya lau yake, ku kai shi likita ranar nan, don bugun zuciya yana iya rikicewa daga baya.