Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

A birnin Zazzau, in mace mai ciki ta daina jin motsi, kuma cikin ya bar girma, akan sami wata tsohuwa a gida ta ce ciki ya kwanta, in an yi haƙuri zai tashi. Wannan magana ta daɗe a bakin mutane, ta kuwa jawo hasara mai yawa, domin galibi abin da ya faru shi ne ɗan ya galabaita, ko ma ya riga ya rasu, uwar tana zaune da gawa a jikinta.

Ɗa yakan soma motsi wajen wata na huɗu ko na biyar. Daga nan kowace uwa takan san halin nata, lokacin da yake harbi da lokacin da yake barci. Ba gaskiya ba ne cewa yakan rage motsi in haihuwa ta gabato. Saboda haka in motsi ya ragu ko ya sāke, ranar nan ce ranar zuwa asibiti, ko da dare ne. Da na'urar sauraron zuciya ko hoton ciki likita yakan gane halin da ake ciki nan take, in ɗan yana da sauran rai sau da yawa akan fid da shi a cece shi.

Daga cikin manyan sabubba akwai hawan jini na masu ciki. Yana ƙuntata jijiyoyin mabiyiya, watau hanyar abinci da iskar ɗan, sai ya rame a ɓoye. Alamarsa ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa, ƙarshensa jijjiga. Wani lokaci mabiyiya takan rabu da mahaifa kafin naƙuda, ciki ya ƙage kamar dutse, baƙin jini ya zubo, ko kuwa ya taru a ciki ba a gani. Zazzaɓin cizon sauro, da ƙarancin jini, da ciwon sukari, da tunjere, duk suna kashe ɗa a ciki. Tunjere ma abin takaici ne ainun, don gwajin jini kaɗai ke tona shi, allurar fenisilin kuwa tana maganinsa.

Zariya ta san wannan al'amari da lissafi. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, sa'ad da yake Tudun Wada, aka buga sakamakon a 1985. Sun tarar mutuwar uwa da ta ɗa ta fi yawa nesa ba kusa ba ga matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su. 'Yan mata ƙanana gajeru su suka fi shan doguwar naƙuda, kan ɗa ya tokare a ƙugu, har ya mutu a hanya.

Nan ne kunyar cikin fari take yin ɓarna. Yarinya ta je goyon ciki gidan iyayenta, tana jin ciwo ta danne, ba ta iya faɗi wa uwarta cewa tun jiya shiru take ji. Maigida kuma ya yi tafiya, ba mai ba da izinin fita, sai a kwana ana jiƙe-jiƙe. Alhali asibitin Gambo Sawaba yana nan Ƙofar Gayan, na koyarwa kuwa yana Shika. Mijin kirki yakan bar izini da kuɗin mota tun ciki yana wata bakwai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 mai ciki ta je awo sau takwas. A can ake auna jini, a ba da maganin ƙarin jini da rigakafin zazzaɓi. Daga wata na bakwai kuma kwanciya a kan gefe ta fi rigingine. In faya ta fashe ruwan ya fito kore, ko naƙuda ta wuni ta kwana, aikin ya wuce hannun ungozoma.