Tantance Asalin Lemon Vernors: Tsakanin Labarin Kamfani da Shaidar Takarda

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda mai nazarin tarihi zai bi diddigin asalin wata haja ta kasuwa, idan labarin da masu ita suke bayarwa ya saɓa wa abin da ke rubuce. An zaɓi Vernors, wani lemon citta na birnin Detroit a jihar Michigan ta Amurka, domin an daɗe ana kiransa da lemon kwalba mafi tsufa a ƙasar, bisa hujjar cewa an fara shi a 1866.

Labarin da aka saba ji

James Vernor yaron kantin magani ne a Detroit. Ana cewa ya haɗa citta da wasu kayan ƙanshi ya zuba cikin gangar katako, sai yaƙin basasar Amurka ya raba shi da gida a 1862. Wai da ya komo bayan shekara huɗu ya buɗe gangar, sai ya tarar zama cikin katako ya ba haɗin wani ɗanɗano na dabam. Daga nan aka ɗauki 1866 a matsayin shekarar haihuwar lemon.

Auna labarin

Mataki na farko shi ne gwada labarin da abin da aka tabbatar game da mutumin kansa. Vernor ya shiga rundunar sojan doki ta huɗu ta Michigan a 1862, aka sallame shi a 1865. Watau shekara uku ya yi a soja, alhali labarin yana ƙirga huɗu. Wannan kaɗai bai isa ya rushe labarin ba, amma ya nuna an ɗan gyara lissafi don ya faɗa kan 1866.

Mataki na biyu shi ne sauraren makusanta. A wata hira da aka yi da ɗansa a 1936, shekara tara bayan rasuwar mahaifin a 1927, ɗan ya ce sai bayan yaƙin ne aka samar da haɗin. Shaidar ɗa tarihin baka ce, kuma ba ganau ba ne, jiyau ne. Duk da haka tana da nauyi, domin ta rage wa kamfanin gidansu armashin labarin da yake talla da shi, kuma mutum bai cika ƙaga abin da zai rage masa riba ba.

Mataki na uku shi ne takardun hukuma. A takardar neman rajistar tambarin kasuwanci da aka shigar a 1911, an rubuta cewa lemon ya shiga kasuwa a 1880. An rubuta wannan takarda Vernor yana raye, kuma takarda ce ta shari'a wadda ake tabbatar da abin da ke cikinta da rantsuwa. Har ila yau, a sha'anin tambari wanda ya riga amfani da suna shi ke da rinjaye, saboda haka da 1866 tana da madogara, da ita za a rubuta.

Sai dai wajibi ne a san iyakar kowace shaida. Takardar 1911 tana magana ne a kan shigar haja kasuwa da sunanta. Ba ta hana a ce Vernor ya taɓa shayar da masu zuwa kantinsa wani haɗin citta kafin 1880 ba. Ranar ƙirƙiro haɗi dabam, ranar fara sayarwa dabam, ranar rajistar suna kuma dabam. Yawancin gardamar da ake yi kan tsufan lemuka daga cakuɗa waɗannan ranaku uku take tasowa.

Abin da bambancin ya shafa

Tazarar shekara 14 ba ƙaramin abu ba ce a nan. Charles Hires ya baje kolin nasa abin shan a babban bikin nunin kayayyaki na Filadelfiya a 1876. Idan aka karɓi 1866, Vernors ya girme shi. Idan 1880 ce, Hires ya riga shi. Ta kowace fuska dai Vernors ya girmi Coca-Cola, wanda shekararsa ba ta da irin wannan ruɗani, domin tallarsa ta fito a jaridar Atlanta Journal ranar 29 ga Mayu, 1886. Irin wannan shaida, wadda aka buga a lokacin da abin ya faru, ita ce ta fi kowace ƙarfi.

Kammalawa

A taƙaice, abin da shaidu suka tabbatar shi ne an samar da haɗin bayan 1865, kuma lemon yana kasuwa da sunansa daga 1880. Labarin ganga kuwa ya fi amfani wajen nazarin dabarun talla. Shawarar wannan maƙala ga manazarta ita ce, duk wanda zai rubuta shekarar asalin wata haja, ya fayyace wace rana yake nufi cikin ukun nan, kuma wace takarda ce ta ba shi ita.