Yadda Za Ka Kira Faransa Ba Tare Da Katinka Ya Ƙone Ba

'Yan uwa mazauna Kudu, na Agege da Mile 12, na Sabon Ibadan, na Ama Hausa a Owerri da na Lokpanta. Daga Gombe nake rubuto muku, kuma abin da ya same mu a gida ne ya sa na ɗauki wannan magana.

Yayana yana karatu a birnin Lyon na ƙasar Faransa. Kullum ta WhatsApp muke gaisawa, sai aka wayi gari wayarsa ta yi shiru. Kwana huɗu saƙo na tafiya da alama ɗaya. Hajiyarmu ta daina cin abincin kirki. Abin da ya rage mana shi ne lambar ofishin gidan ɗaliban da yake zaune, wadda ya taɓa turo mana. Baba ya dawo daga Tike da yamma ya ce in loda katin dubu uku a kira. Na buga lambar yadda take a rubuce, ta ƙi shiga. Da aka gyara mana ita ta shiga, sai na'ura ta ɗauka, ta yi ta zuba Faransanci, ta sa mana kiɗa. Muna nan zuru muna jiran mutum ya ɗauka, kati ya ƙare. Ko sallama ba mu yi da kowa ba.

Daga baya muka ji ashe wayarsa aka sace, shi lafiyarsa ƙalau, alhamdulillahi. Amma tun ranar na ce sai na gane yadda abin nan yake tafiya. Ga abin da na fahimta.

Fara gane lambar kafin ka taɓa waya

Lambar ƙasar Faransa ita ce 33. Lambobinsu na cikin gida guda goma ne, kuma da sifili suke farawa. In kana kira daga Najeriya, za ka jefar da sifilin farko, ka sa alamar tarawa da 33 a gaba. Wato lambar da aka rubuta 04 xx xx xx xx za ta koma +33 4 xx xx xx xx. In ƙaramar waya ce kuma ka rasa alamar, ka danne sifili ko ka latsa tauraro sau biyu, ko ka buga 009 a madadinta. Ka kula da wani tarko: 233 lambar Ghana ce. Ka ƙara 2 bisa kuskure, sai ka ji Accra maimakon Paris.

Lambobi biyun farko su ne ke gaya maka irin wayar da za ka kira. Daga 01 zuwa 05 wayar girke ce, irin ta gida ko ofis. A al'ada 01 ta Paris ce da kewayenta, 02 arewa maso yamma, 03 arewa maso gabas, 04 kudu maso gabas kamar Lyon da Marseille, 05 kudu maso yamma kamar Bordeaux da Toulouse. Tun farkon 2023 mutum na iya ƙaura da lambarsa zuwa wani yanki, don haka ba lallai ta nuna garin da yake ba, amma dai wayar girke ce. 06 da 07 wayar hannu ce. 09 kuma layin gida ne da ke bi ta akwatin intanet.

Wadda za ka yi hattara da ita ita ce 08. Daga 0800 zuwa 0805 kyauta ce, amma ga wanda ke cikin Faransa. Wasu, musamman masu farawa da 089, masu tsadar gaske ne, kuma da yawansu ba sa ma shiga daga waje. In ofishin da kake nema 08 ya ba da, ka duba shafinsa ko akwai wata lamba da aka rubuta «depuis l'étranger» a gefenta, ma'ana ta masu kira daga ƙasar waje.

Me ya sa wani kiran ya fi wani tsada?

Wanda ya san harkar shanu zai gane wannan da sauri. In tirela ta tashi daga Gombe zuwa Oko-Oba ko Akinyele, ba kuɗin mota kaɗai ake biya ba, akwai kuɗin sauke kaya a kasuwar da aka isa, akwai la'adar dillali. To haka kira yake. Kamfanin layinka yana biyan kamfanin can kuɗin sauke kiran a wayar wanda ka kira, sannan ya ɗora ribarsa. Farashin minti ya dogara da wannan kuɗin saukewa, ba da nisan tafiya ba.

A Turai an matse wannan kuɗi sosai. Tun watan Yulin 2021 Tarayyar Turai ta ƙayyade iyakar abin da kamfanoninsu za su caji juna, kuma na wayar girke ya fi na wayar hannu araha. Kiran da ya fito daga wajen Turai ana iya ɗora masa ƙari, amma duk da haka za ka tarar a yawancin jadawalin farashi wayar girke ta Faransa ta fi 06 da 07 sauƙi. Shi ya sa sau da yawa minti ɗaya zuwa Paris ya fi minti ɗaya zuwa Njamena ko Yamai araha, duk da su maƙwabta ne.

Nan gida kuma, hukumar sadarwa ta NCC ta sa senti 10 na dalar Amurka a matsayin kuɗin sauke kowane minti na kiran da ya shigo Najeriya daga waje, tun watan Satumban 2022. Don haka in ɗan uwanka na can ya ce kiran layinka kai tsaye na cin masa kuɗi, ba rowa ba ce. A watan Janairun 2025 kuma hukumar ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, don haka duk farashin da ka haddace a da, ka sake dubawa.

Hanya ta farko: intanet zuwa intanet

In kai da shi duk kuna da babbar waya da data, babu abin da ya kai WhatsApp, Telegram ko Messenger sauƙi. Babu ruwansu da ƙasa, data kawai suke ci. Kiran murya a WhatsApp bai cika kai megabait ɗaya a minti ba, wato gigabait ɗaya zai iya ba ka sama da awa 16 na magana. Bidiyo ne mai cin data, yana ninka haka sau da yawa. In ka shiga saitin manhajar, wajen ajiya da data, akwai maɓallin rage cin data lokacin kira. Kunna shi, musamman in kana cikin kara inda sabis ke rawa.

Matsalar ita ce wadda ta same mu: ofisoshi, asibitoci da makarantu yawanci wayar girke gare su, kuma WhatsApp ba ya kiran lambar da ba ta kansa.

Hanya ta biyu: manhajar da ke kiran lamba kai tsaye

Akwai manhajojin da kai za ka yi amfani da intanet, shi kuma wanda ka kira wayarsa za ta yi ƙara kamar kowane kira, ko da wayar tebur ce. Irinsu Viber Out, Rebtel, Yolla da Talk360. A da Skype ne sarkin wannan fage, amma kamfanin Microsoft ya rufe shi a watan Mayun 2025, kada wani ya ɓata maka lokaci da shi. Ana sayen kuɗin kira a cikin manhajar, kuma tana nuna maka farashin minti kafin ka buga. Don kiran wayar girke a Faransa, wannan hanya ce na samu ta fi sauƙi.

Abu huɗu za ka duba kafin ka zuba kuɗi. Na ɗaya, ta yaya ake biya, domin yawanci da dala ko yuro ne, kuma ba kowane katin banki na naira ke wucewa ba. Ka tambayi bankinka, ko ɗan uwanka na can ya loda maka. Na biyu, akwai kuɗin haɗa kira ban da na minti? Na uku, da daƙiƙa suke lissafi ko da minti? In da minti ne, maganar minti ɗaya da daƙiƙa biyar minti biyu ce. Na huɗu, kuɗin yana mutuwa in ya daɗe ba a taɓa ba? Sannan ka saita manhajar ta riƙa nuna lambarka, don mutanen can ba su cika ɗaukar ɓoyayyiyar lamba ba. Ka fara da ɗan kaɗan, ka gwada tukuna.

Hanya ta uku: garaɓasar kiran waje ta layinka

MTN, Airtel da Glo duk suna da ƙunshin kiran ƙasashen waje, inda za ka biya kuɗi a ba ka mintuna na 'yan kwanaki. Amfaninsa shi ne ba ya buƙatar data, ko ƙaramar waya mai tocila za ta yi, kuma da naira za ka biya. Amma kada ka saya da ka. Kowane ƙunshi yana da jerin ƙasashen da ya shafa, wani lokaci ma wayar girke kaɗai ya ɗauka ban da ta hannu. Ka kira 300, lambar kula da abokan hulɗa ce a kowane layi yanzu, ka tambaye su ƙarara: Faransa na ciki? Wayar girke ko ta hannu? Kwana nawa yake yi?

Hanya ta huɗu: kira kai tsaye da katinka

Wannan ta gaggawa ce kawai, ita ce ta fi tsada. In dole ta sa, ka duba kuɗinka da *310#, ka yi kiran minti ɗaya, ka sake dubawa. Yanzu ka san farashin da idonka. Kuma ka tuna, da zarar na'ura ta ɗauka an fara cirar kuɗi, ko kiɗa kawai kake ji.

Lokaci da harshe

Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu ɗaya ne da na Faransa. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya, ƙarfe 9 a Legas ƙarfe 10 ce a Paris. Ofisoshi da yawa suna tafiya cin abinci tsakanin 12 da 2 na rana, ba sa aiki ran Lahadi, haka ranar 1 ga Mayu da 14 ga Yuli, kuma watan Agusta watan hutunsu ne. Kiran safe daga Litinin zuwa Juma'a ya fi samun mai ɗauka.

Kafin ka buga, ka rubuta cikakken sunan wanda kake nema yadda yake a fasfo, da ranar haihuwarsa, da lambar ɗaki ko ta takarda. Sannan ka nemi mai jin Faransanci ya zauna kusa da kai. Ku da ke Kudu kun fi mu sa'a a nan, domin babu Sabo ko karar da za a rasa ɗan Nijar, Kamaru ko Chadi da ya yi makaranta. A karo na biyu wani abokin cinikin Baba mai kawo shanu ta Mubi ne ya yi mana magana, cikin minti uku aka gama komai. In kuma maganar biza ce ko neman karatu, kada ka wahalar da kanka da kiran Paris, ofishin jakadancinsu na Abuja, ƙaramin ofishin na Legas.

Ga masu ciniki da maƙwabta

Duk abin da na faɗa ya shafi masu kiran Nijar (227), Kamaru (237), Chadi (235) da Benin (229). Bambancin shi ne can kiran kai tsaye da na manhaja duk ba su da araha sosai, don haka saƙon murya a WhatsApp ya fi. Yana jira har sabis ya zo wa mutumin da ke daji, kuma ya zama shaida in aka yi gardama kan farashi ko yawan kawuna. Masu hulɗa da Kwatano su sani tun ƙarshen Nuwamban 2024 an ƙara 01 a gaban lambobin Benin, tsohuwar lamba mai guda takwas sai an gyara ta.

Hattara da filashin baƙuwar lamba

In ka ga lambar waje da ba ka sani ba ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, kada ka bi ta. Damfara ce sananniya, lamba ce mai tsada, kana kira kuɗinka na zuba aljihunsu. Haka duk wanda ya kira ka da +33 ya ce ɗan uwanka na asibiti ko hannun 'yan sanda a turo kuɗi yanzu-yanzu, ka katse, ka nemi ɗan uwan ta hanyar da ka saba. Ana iya sa kowace lamba ta bayyana a fuskar waya. Lambar sirri guda shida da WhatsApp ke turowa kuwa, ko wa ya tambaye ka kada ka bayar.

Shawarata ta ƙarshe ita ce wadda muka koya da tsada. Duk mai ɗa ko ƙani a waje, yau ɗin nan ya karɓi lambobi uku: tasa, ta abokin da suke tare, da ta gidan ko wurin aikin da yake. A rubuta su a takarda da +33 ɗinsu, a ba uwa ta ajiye, ba a cikin waya kaɗai ba. Tamu tana cikin jakar Hajiya, tare da katin asibitinta.

Allah Ya tsare mana matafiyanmu, Ya ba ku kasuwa mai albarka.