Kewar Almajiri a Lokacin Salla da Yadda Ake Maganinta a Ƙasar Aliero

Aliero da Jega da Maiyama garuruwa ne na ƙasar Gwandu, cikin Jihar Kabi wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1991. An san Aliero da noman albasa da masu ɗori, Jega kuwa da kasuwa. Kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa masu albarka, nan ma akwai makarantun allo, kuma cikin almajiransu akwai waɗanda iyayensu ke nesa, sun danƙa su amana ga malami. Irin waɗannan yara ba su da lokacin da ya fi yi musu nauyi kamar ranakun salla.

Dalilin haka kuwa a fili yake. A sauran kwanaki almajiri ba ya samun sukunin tunani. Da asuba karatu, da hantsi neman abinci, da dare kuma a hura wuta a sake ɗaukar allo. Amma idan salla ta zo sai a jingine alluna, 'yan gari su watse gidajensu. Sa'an nan yaro ya ga tsararrakinsa sun sha ɗinki, suna bin gidajen dangi ana ba su goron salla, shi kuwa ba gidan da zai shiga a kira shi da sunan da uwarsa ke kiransa. Wannan ita ce kewa, kuma ta bambanta da yunwa, gama ana iya ƙoshi da tuwon salla zuciya tana can gida.

Har wa yau akwai lissafin wata. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 11 ko kusa da haka, saboda haka salla takan zagaya damina da kaka da rani cikin shekara 33. Malamai masu yawon ci-rani sukan fita bayan an kawar da amfanin gona, ba sa komawa sai ruwa ya kusa sauka. To, a 2025 ƙaramar salla ta faɗo a ƙarshen watan Maris, babbar kuwa a farkon Yuni. Watau azumi da ƙaramar salla duk sun riski 'yan ci-rani a baƙon wuri.

Ba kowane almajiri ne kewa ke kamawa daidai ba. Gardi ya riga ya saba, yana da abokai da 'yar sana'arsa. Wanda abin ya fi ci shi ne kolo, ƙaramin da bai daɗe da barin gida ba. Shi kuwa ba ya faɗa da baki, domin an hore shi da cewa neman ilimi sai da haƙuri, kuma yana tsoron dariyar 'yan'uwansa. Sai dai a gane ta wurin alamu: yaro mai surutu ya yi tsit, ko ya ware gefe guda, ko ya ƙi cin abinci, ko ya tsiri faɗa ba gaira ba dalili. Wani ma yakan sulale ya nufi tashar mota, ba ko kwabo a aljihunsa, nan ne kuwa haɗarin yake.

Magani na farko yana hannun malam, gama shi ne uba a wurin. Malamin da ya san nauyin amana yakan tanadi ko da 'yar riga ce ga ƙananan tun azumi bai yi nisa ba, ya tafi da su masallacin idi a bayansa, in an sauko a ci abinci tare a zaurensa, ya kira kowa da sunansa. Yakan kuma haɗa kowane kolo da gardi mai hankali, wanda zai san inda ya wuni da inda ya kwana. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001 an sami wata hanya kuma: malam ya buga wa iyaye, yaro ya ji muryar uwarsa ya yi mata barka da salla.

Magani na biyu shi ne uwar ɗaki, watau matar auren da almajiri ke yi wa aike da ɗiban ruwa, ita kuwa tana ba shi abinci. Idan mai kirki ce takan sa shi cikin lissafin ɗinkin 'ya'yanta, ta aike shi kai tuwon salla tare da su. Zakkar kono da naman layya hakkinsa ne a matsayin mabukaci, amma tsakanin a miƙa masa a bakin ƙofa da a ce ya shigo ya zauna akwai rata mai yawa. Na farko sadaka ce, na biyu kuwa zumunci.

Hukuma ma ta taɓa sa hannu cikin sha'anin almajirai. A 2012 aka buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi cikin Sakkwato. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta mai da almajirai jihohinsu na asali. A 2023 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk waɗannan sun dubi gini da tsari da ciyarwa, amma kewa ba ta jin doka.

Saboda haka nauyin ya komo kan iyaye. Wanda ya iya, ya ɗauko ɗansa ya yi salla a gida. Wanda bai iya ba, ya je ya gan shi, ko ya aika da saƙo komai ƙanƙantarsa, gama zumunta a ƙafa take. Hausawa sun ce salla bikin ɗaya rana ce, amma yaron da ya yi ta shi kaɗai yakan daɗe bai manta ba, haka nan kuma ba ya mance gidan da aka ce masa ya shigo.